Kwali da Almakashi a Ajin Lissafi

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, mazaunin unguwar Kabara a cikin birnin Kano, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

Gabatarwa



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro, saboda damar da ya ba ni ta in ce wani abu dangane da yadda ƙungiyarmu za ta taimaka wa koyar da lissafi a wannan makaranta tamu. Na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka koya mini fannin tun daga tushe, saboda haka magana zan yi a gaban manya, kuma idan na karkace su ne masu miƙar da ni. Abin da na zo da shi kashi uku ne: ɗan tarihi, da ɗan gwaji wanda kowa zai iya yi a gidansa, sa'an nan roƙo guda ɗaya. Duk kuwa a kan abu ɗaya suke, wato samfuran kwali da takarda waɗanda aka daɗe ana amfani da su wajen koyar da jometiri, ko lissafin siffofi.

Inda gizo ke saƙar

Kowa a nan ya san cewa yaron da ke son karanta likitanci, ko injiniya, ko wani fanni na kimiyya, ba shi da hanya sai ya sami kiredit a lissafi. Kowa kuma ya tuna wuraren da suka fi kayar da mu a jarrabawar WAEC da NECO. Biyu daga cikinsu su ne awon jikin abubuwa, kamar gwangwani da mazurari da ƙwallo, da kuma lissafin layukan da ke zagaye duniya, waɗanda ake auna nisan gari da gari da su.

A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Allo shimfiɗaɗɗe ne, littafi ma haka, amma abubuwan da ake magana a kansu masu jiki ne, suna da ciki da baya. Malam zai zana da'ira a allo, ya ɗiga mata ɗigo-ɗigo a tsakiya, ya ce wannan ƙwallo ce. Shi malam ƙwallo yake gani, domin ya riga ya san ta. Yaro kuwa da'ira yake gani da ɗigo. Daga nan sai ya koma ga abin da ya fi sauƙi, wato hadda. Ya haddace ƙa'ida, ya zuba lambobi, idan aka juya tambayar kaɗan sai ya tsaya cik.

Wannan abu ba a makaranta yake ƙarewa ba. A wurin aikina takardun ƙiyasin ayyuka suna biyowa ta teburina, na tankin ruwa, da na rufin kwano, da na kwalbati. Sau da yawa nakan ga matashi mai takardar shaida mai kyau, ya san ƙa'idar a ka, amma idan aka ce ya faɗi falle nawa na ƙarfe zai naɗe tankin, sai ya rasa ta inda zai fara. Maƙerin da za a ba aikin kuwa, wanda bai gama firamare ba, zai zagaya tankin da igiya ya ba da amsa. Kuskuren irin wannan ƙiyasi kuɗin jama'a ne ke tafiya a kansa.

Abin da Jamusawa suka yi da kwali

Kada mu ɗauka mu kaɗai muka gamu da wannan matsala. Manyan jami'o'in Turai sun gamu da ita a ƙarni na 19, lokacin da masana suka riƙa gano siffofi ta hanyar lissafi waɗanda ko su kansu ba su taɓa ganinsu da ido ba. Maganin da suka samo shi ne su gina siffofin, a ɗora a tebur, ɗalibi ya ɗauka ya jujjuya. A birnin Paris, wajen shekarar 1830, wani malami mai suna Théodore Olivier ya yi nasa da zare da firam na ƙarfe. Wasu suka yi da katako, wasu da farar ƙasa ta filasta.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Alexander Brill, Bajamushe, wanda aka haifa a 1842 ya rasu a 1935. A shekarar 1874 ya fitar da jerin samfura guda 7 na kwali, bayan ya ga wani samfuri da Olaus Henrici, wani Bajamushe mai koyarwa a Landan, ya haɗa. Bari in kwatanta yadda ɗaya daga cikinsu yake. Ku ɗauki siffar sabulun wanka da ya sha amfani, wanda tsawonsa daban, faɗinsa daban, kaurinsa daban, kuma ko'ina ya mulmule. Idan aka yanka shi kai tsaye, bakin yankan zai fito kamar ƙwai. Amma masana sun tabbatar da cewa akwai karkata iri biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, waɗanda in aka bi su wajen yanka, kowane yanki zai fito cikakkiyar da'ira. To, Brill sai ya yanko waɗannan da'irori a kwali, manya da ƙanana, ya tsaga kowace zuwa rabi, ya sassarƙa na dama a cikin na hagu. Ɗaya daga cikin samfuran da'ira 22 ce aka sarƙa. Babu gam, babu ƙusa. Idan ka tsayar da shi sai ka ga siffar ta bayyana, alhali ba kowane wuri na jikinta aka cike ba, ido ne ke ƙarasa sauran.

Abin sha'awa kuma shi ne samfurin yana motsi. In ka matsa shi da yatsu biyu sai ya miƙe ya ƙara tsawo, in ka ci gaba sai ya kwanta ya zama falle, a sa shi a ambulan a aika wani gari. Kowane matsayi da ya tsaya a kai wata siffa ce ta dangin guda, domin da'irorin ba su canza ba, karkatarsu ce kawai ta canza. Ke nan ɗalibi yana riƙe da dangin siffofi gaba ɗaya a tafin hannunsa.

A 1875 Brill ya koma babbar makarantar fasaha ta birnin Munich, inda ya yi aiki tare da Felix Klein. Su biyun suka buɗe ɗakin ƙera samfura, kuma ɗalibansu ne ke lissafa siffofin su gina su, a matsayin wani ɓangare na karatunsu. Ɗan'uwan Brill, mai suna Ludwig, shi ya riƙa sayar da su daga garin Darmstadt. A 1893 aka kai su babban bajekolin duniya na birnin Chicago a Amurka, jami'o'in can suka saya. A 1899 Martin Schilling ya karɓi cinikin, kuma kundin kayansa na 1911 yana ɗauke da samfura kusan 400. Bayan Yaƙin Duniya na Farko kasuwar ta yi ta ja da baya, ga tsadar rayuwa, ga kuma masana sun karkata ga lissafin da ba ya dogara da hoto. Waɗanda suka tsira suna nan a kabad-kabad na gilashi, a jami'ar Göttingen ta Jamus, da gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, da wasu wurare. A 1995 wani Bature ɗan Ingila, John Sharp, ya fitar da littafi da ya farfaɗo da wannan dabara ta sarƙa kwali domin 'yan makaranta.

Abin lura a nan shi ne, Jamus ta wancan zamani ita ce kan gaba a lissafi a duniya, amma manyan malamanta ba su ga ƙasƙanci ba a riƙe almakashi. Kuma ɗaliban da suka fi amfana su ne waɗanda suka yanka kwalin da hannunsu.

Takarda tana gardama

Yanzu bari in zo kan gwajin. Ku sami kwali, ku yanka alwatika masu yawa, wato siffa mai kusurwa uku, kowace gefunanta uku daidai wa daida. Kowace kusurwa tata digiri 60 ce. Ku jera guda 6 a kewaye da ɗigo ɗaya ku manne gefunansu. Za su kwanta lafiya lau a kan tebur, domin 6 sau 60 shi ne 360, cikakken zagaye. To, ku cire ɗaya, su zama 5, ku haɗa bakin. Ba za su kwanta ba, sai sun tashi sun yi ƙoƙo, domin digiri 300 ne, an sami giɓin 60. Sa'an nan ku gwada guda 7. Nan kuma digiri 420 ne, wuri ya yi musu kaɗan, sai takardar ta yi tattara, nan ya hau can ya sauka, kamar bakin ganyen salak. Ko ka danne ta da tafin hannu, kana ɗagawa za ta koma yadda take.

Wannan ɗan gwaji na minti 10 ya ƙunshi rabe-raben fuskokin abubuwa guda uku. Akwai shimfiɗaɗɗiyar fuska irin ta tabarma. Akwai mai lanƙwasa irin ta ƙwarya, wadda ko ta ina ka bi ta gefe guda take lanƙwasawa. Akwai kuma irin ta sirdi, wanda gabansa da bayansa suka ɗaga sama, gefunansa biyu kuma suka sauka bisa haƙarƙarin doki. A kan tabarma kusurwoyin alwatika idan aka tara su 180 ne, kamar yadda aka koya mana. A bayan ƙwarya sun fi haka, har ana iya zana alwatika mai kusurwa uku kowace digiri 90, jimla 270. A kan sirdi kuwa ba su kai 180 ba.

A shekarar 1827 Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da cewa wannan bambanci a jikin fuskar yake, kuma lanƙwasa ta ba ya kawar da shi, muddin ba a ja ta ba, ba a yaga ta ba. Shi ya sa za ka iya naɗe takarda ta zama gwangwani ko mazurari ba tare da ta yamutse ba, domin su a asali shimfiɗaɗɗu ne da aka naɗe, amma ba za ka taɓa naɗe lemo da takarda ta kwanta sumul ba. Shi ya sa kuma babu taswirar duniya a kan takarda da ba ta yi ƙarya ta wani gefe ba. Taswirar da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, wadda irinta ce aka fi rataya a azuzuwa, tana nuna tsibirin Girinlan kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Yaron da ya taɓa ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon lemo a kan tebur ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

Fuska ta uku, mai kama da sirdi, tana da nata tarihin da takarda. Fiye da shekara 2,000 mutane suna ganin jometirin Yukilid na Girka shi kaɗai ne mai yiwuwa. Lobachevsky na Rasha a 1829, da Bolyai na Hangari a 1832, suka nuna cewa akwai wani daban, wanda a cikinsa kusurwoyin alwatika ba sa kaiwa 180. Mutane da yawa suka ɗauki abin tatsuniya. A 1868 Eugenio Beltrami na Italiya ya nuna cewa wannan jometiri shi ne na fuska mai lanƙwasar sirdi iri ɗaya a ko'ina. Bai tsaya a rubutu ba, sai ya yanka ƙananan takardu ya manne su, ya haɗa fuskar da hannunsa. Ɗaya daga cikin waɗanda ya haɗa yana nan a jami'ar Pavia, kuma saboda tattarar bakinsa ana yi masa laƙabi da hular Beltrami.

Ga wani ƙari ga masu son ƙwallo. Tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari ƙyalle 32 ce: 12 masu gefe biyar, 20 masu gefe shida. Tana da mahaɗa 60, kuma a kowace mahaɗa kusurwoyin da suka haɗu 108 ne da 120 da 120, jimla 348, giɓin digiri 12 ke nan. Idan aka yi 60 sau 12 za a sami 720. Ku ɗauki akwati kuma: kusurwa 8, kowace da giɓin 90, jimla 720. Duk wata siffa rufaffiya irin wannan, wadda ba ta da rami ko loɓawa, jimlar giɓinta 720 ce, kuma René Descartes ya gano haka tun ƙarni na 17. Ɗalibin da ya haɗa akwati da ƙwallo na kwali ya ƙirga da kansa ya ga lambar ta maimaitu, ba zai manta ba.

Daga Kabara zuwa Kurmi

Jama'a, na ambaci Jamus da Italiya, amma duk siffofin nan suna nan tsakanin ƙofar gidanmu a Kabara da kasuwar Kurmi, tafiyar ƙafa.

Mu fara da hular da ke kan yawancinmu. Mai ɗinkin hula yana yin jikinta a shimfiɗe, dogon ƙyalle mai kusurwa huɗu, sa'an nan ya naɗe shi ya ɗora masa da'ira a sama. Lambar da muke faɗa wa mai hula, 22 ko 23, tsawon zagayen kai ne da inci. To, hula mai lamba 22, in an buɗe ta ta yi da'ira, faɗin bakinta inci 7 ne. Ga 22 bisa 7 ɗin da muka yi ta haddacewa, ashe a kanmu muke yawo da ita.

Maƙerin gwangwani da zai yi mazurari yakan yanka da'ira a fallen ƙarfe, ya cire mata yanki kamar an yanka waina, ya haɗa bakin. In ya cire babban yanki mazurarin ya yi tsini, in ya cire ƙarami ya yi faɗi. Bambancin faifai da malfa ke nan: faifai cikakken zagaye ne shi ya sa ya kwanta, malfa kuwa zagayenta da giɓi shi ya sa ta tashi. Masu ɗinki a Soron Ɗinki da dukawa masu aikin fata kullum cikin wannan lissafi suke, wato yadda za a sa abu shimfiɗaɗɗe ya bi jiki mai lanƙwasa, inda za a rage da inda za a ƙara.

Mu da muka tashi a maƙwabtan gidan Sarki, sirdi ba baƙonmu ba ne, duk hawan salla muna ganinsa. Ƙugun turmi ma irin lanƙwasarsa ke nan, haka ƙugun kalangu. Akwai kuma wani abin mamaki game da wannan siffa mai ƙugu. Ku sami murfi biyu masu girma ɗaya, ku huda bakinsu a jere, ku ɗaura zare daga na sama zuwa na ƙasa kamar igiyoyin kalangu. In kun ja su za ku ga gwangwani. To, ku murɗa na sama kaɗan. Nan take ƙugu zai fito a tsakiya, alhali kowane zare a miƙe yake sambal. Wato fuska mai lanƙwasa wadda aka gina da miƙaƙƙun layuka zalla. Irin samfurin Olivier ke nan, kuma da wannan dabara injiniya Vladimir Shukhov ya gina hasumiyar tankin ruwa da miƙaƙƙun ƙarafa a Rasha a 1896.

Sai kuma uwa uba, ginin ƙasa. Duk wanda ya shiga Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya ɗaga kai, zai ga bakan gizo da ɗaurin guga. Azara miƙaƙƙiya ce, kuma ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta yi yawa. Saboda haka magini yakan jera gajerun azara, kowace ta ɗan fi ta ƙasanta karkata, ya ɗaure ya shafe da ƙasa, har baka ya fito. Sa'an nan ya gicciya baka a kan baka, ya cike tsakaninsu, tulluwa ta tashi. Wannan ita ce dabarar Brill: a tsayar da yankuna masu gicciye da juna, su ɗauki siffar. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da wannan fasaha a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, shekaru da dama kafin Brill ya yanka kwalinsa.

Ba ina cewa maginanmu sun rubuta ƙa'idojin Gauss ba ne. Sanin hannu daban, hujjar lissafi daban, kuma kowanne yana da inda ya fi ƙarfi. Abin da nake cewa shi ne yaranmu suna zuwa aji da rabin ilmin a idonsu, sai mu rufe ƙofa mu bar shi a waje. Haɗa masani da mai sana'a kuwa tsohuwar al'ada ce. Abul Wafa al-Buzjani, wanda aka haifa a 940 ya yi zamansa a Bagadaza, ya rubuta littafi musamman kan jometirin da masu sana'a ke bukata, ya kuma ba da labarin zaman da ake yi tsakanin masana da masu sana'a, ana yanka murabba'i uku a haɗa su su zama ɗaya. A nan Kano, makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu a gefen na karatu. A Indiya kuma, wani ma'aikacin gwamnati kamar ni, Sundara Row, ya fitar da littafi a Madras a 1893 kan koyar da jometiri ta hanyar ninke takarda kawai. Klein ya yaba da shi, har aka sake buga shi a Amurka a 1901.

Masu cewa ai ga kwamfuta

Na san wani zai ce, a zamanin da manhaja irin GeoGebra ke juya kowace siffa a fuskar waya, me ya kai mu komawa almakashi? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na adawa da shawarar da wasu 'yan'uwa suka kawo ta sayen kwamfutoci. Sai dai a duba abu uku. Na ɗaya, kwamfuta tana bukatar wuta da gyara da mai gadi, kwali kuwa ba ruwansa da ɗauke wuta. Na biyu, kwamfuta 10 a aji mai cunkoso kallo ne ga mafi yawan yara, amma kwali kowa zai samu ya riƙe. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, hoto ba ya yi wa mutum gardama. Fuskar kwamfuta ma shimfiɗaɗɗiya ce kamar allo. Takarda kuwa in ka auna ba daidai ba bakinta ba zai haɗu ba, in ka sa alwatika 7 ba za ta kwanta ba, kuma a wannan gardamar ce yaro ke tambayar dalili. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, ni kuwa sai in ƙara da cewa taɓawa ta fi su duka zama a ƙwaƙwalwa.

Haka kuma malamanmu za su iya cewa manhajar karatu tana da yawa, lokaci kuma kaɗan ne. Gaskiya ne. Amma a duba waɗannan. Ɓare takardar jikin gwangwanin madara a shimfiɗa ta, a ga tsawonta shi ne zagayen gwangwanin, minti 5 ne. Haɗa mazurari da gwangwani masu baki ɗaya da tsayi ɗaya, a cika mazurarin da gero a juye, a ga sai an yi sau 3 gwangwanin ke cika, minti 10 ne, kuma daga ranar yaro ya san inda ɗaya bisa ukun nan ta fito. Zana da'irori daidai faɗin lemo, a ɓare lemon a jera ɓawon a ciki, a ga ya cika da'ira 4, shi ma haka. Ajinmu ya ga wannan na ƙarshe a hannun ɗaya daga cikin malaman da ke zaune a nan, Allah ya saka masa da alheri, kuma na tabbata 'yan ajinmu ba su manta da ƙa'idar fuskar ƙwallo ba, ko da sun manta da sauran. Samfuri ba ya maye gurbin hujja, dole a koma allo a rubuta. Amma hujjar ta fi saurin shiga idan yaro ya riga ya ga abin da ake son tabbatarwa.

Roƙona ga ƙungiya

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya mai albarka ta duba abubuwa huɗu.

Na farko, a yi wa sashen lissafi kabad mai makulli, a zuba masa kwali, da almakashi, da kamfas, da rula, da gam, da zare, a kuma riƙa sabunta su kowane zango. Kuɗin wannan bai kai abin da muke kashewa a abinci da lemon taro irin na yau ba.

Na biyu, kada mu sayo samfuran da aka riga aka ƙera a kulle su a ofis don kada su lalace. Ɗalibai su yanka, su haɗa, su rubuta sunansu da ajinsu da shekara a jiki. Wanda ya fi kyau a ajiye shi a kabad, na baya su zo su gani su yi ƙoƙarin fin sa.

Na uku, sau ɗaya a zango a gayyato mai sana'a guda, mai hula, ko maƙeri, ko magini, ya yi aikinsa a gaban aji, malamin lissafi kuma ya fassara abin da hannunsa ke yi zuwa ƙa'ida a allo. A ba shi ladansa da girmansa. Da yawa daga cikinsu iyayen ɗaliban ne. Sau ɗaya a shekara kuma a kai 'yan aji biyar Gidan Makama da takarda da fensir.

Na huɗu, ragamar wannan aiki ta kasance a hannun malaman lissafi na makaranta. Mu tsofaffin ɗalibai namu shi ne kawo kaya da ba da lokaci. Ni a nawa ɓangaren na ɗauki alkawarin Asabar ɗaya a kowane wata, kuma na zo da zanen da'irorin samfuri irin na Brill, zan miƙa wa shugaban sashen lissafi bayan an tashi. Ina fata injiniyoyi da masu zanen gine-gine da masu awon ƙasa da ke cikinmu za su ba sakatare sunayensu kafin su fita.

Kammalawa

Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tsani lissafi a aji huɗu da wuya a dawo da shi a aji shida, kuma kowace shekara akwai waɗanda ƙofar jami'a ke rufe musu saboda wannan darasi guda. Ba ni da ikon cewa kwali zai magance dukkan matsalolin makarantarmu, akwai na kujeru, akwai na yawan ɗalibai, akwai na littattafai. Amma wannan ɗaya ce da za mu iya farawa a zango mai zuwa da abin da ke aljihunmu yau, ba sai mun jira kowa ba.

Ina ƙara godiya ga malamanmu da suka yi haƙuri da mu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya haɗa kan ƙungiyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.